A Duba Kofato Kafin A Yi Cinikin Sirdi

Wasiƙar da za mu duba yau a wannan fili ta fito ne daga Agege, daga wani bawan Allah ma'aikaci wanda ya roƙa a sakaya sunansa, ya kuwa faɗi dalili, watau maiɗakinsa ba ta san da zancen ba tukuna. Ya ce yana da motar da ya ke zuwa ofis da kai yara makaranta, ba wata ya ke nema don wannan ba. Abin da ransa ya ke so shi ne 'yar ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, tsohuwa wadda kuɗinta bai fi ƙarfinsa ba, irin wadda a ke yaye rufinta, domin ya riƙa shan iska da ita ran Asabar da Lahadi. Tun bai saya ba abokansa sun gama tsara masa abin da za a yi mata: a sa mata salansa mai ruri, a sa manyan wiloli masu walƙiya, a durƙusar da ita har cikinta ya kusa taɓa kwalta, in kuɗi ya ragu kuma a ɗora mata tobo. Tambayarsa ita ce wace iri zai nema, da me kuma zai fara.

To, Malam, kafin mu kai ga tambayarka akwai wadda ba ka yi ba, wadda kuwa na tabbata wasu masu karatu sun riga sun yi ta a zuci, watau shin wannan ba almubazzaranci ba ne? Ni dai ban ga haka ba, muddin hakkin gida ya fita. Kakanninmu da Allah ya hore wa sun ɗaure doki a barga, suna saya masa dawa da harawa da kanwa shekara guda cur, alhali ba ya noma ba ya dako, sai a hau shi ran Salla ko a yi kilisa da yamma. Ba wanda ya kira su mahaukata. Amma mai doki na gari ba ya hana 'ya'yansa tuwo don ya ba doki dawa, ba ya kuma ɓoye dokin ga matarsa, tun da haniniya za ta tona shi. Saboda haka shawarata ta farko ita ce a gaya wa uwargida. Mota mai kujera biyu ba ta ɓoyuwa a Agege.

Game da irin motar kuwa, zan ɗauki guda ɗaya in yi magana a kanta, domin ita ce masu wannan sha'awa a Ingila da Amurka suka fi nuna wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma abin da za a koya a jikinta zai yi amfani ga kowace tsohuwar motar gudu. Ita ce Mazda MX-5, wadda Amurkawa su ke kira Miata, mutanen Japan kuwa suka fara saninta da sunan Eunos Roadster.

Asalin irin waɗannan ƙananan motoci marasa rufin ƙarfe na Turawan Ingila ne. A cikin shekarar 1962 kaɗai sun fitar da guda uku da suka yi suna, MGB da Triumph Spitfire da Lotus Elan. Daɗin tuƙi kam suna da shi, sai dai masu su sun sha wahala: bakin mai yana yoyo, wayoyin wuta suna rikicewa, in aka yi ruwan sama direba da motar su jiƙe tare. Ga kuma dokokin hayaƙi da na kare haɗari da Amurka ta tsaurara, alhali can ne babbar kasuwarsu. A 1980 aka rufe masana'antar MG da ke Abingdon, a shekarar kuma aka daina yin Spitfire. Mutane suka ɗauka zamanin irin wannan mota ya wuce ke nan.

Ashe tun a 1979 wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke mai suna Bob Hall ya zauna da Kenichi Yamamoto, babban injiniyan kamfanin Mazda, ya ba shi shawarar su yi mota mai irin daɗin ta Ingila amma wadda ba ta barin mai ita a hanya. Hall ya koma aiki da kamfanin a Kalifoniya, Yamamoto ya zama shugaban kamfanin a 1984, aka ba wani injiniya mai suna Toshihiko Hirai ragamar aikin. A watan Fabrairu na 1989 aka nuna motar a bikin baje kolin motoci na Cikago, kuɗinta kuwa bai kai dala 14,000 ba.

Ina so mai wasiƙa da abokansa su kula da abin da zan faɗa yanzu, domin duk sauran maganata a kansa ta dogara. Injin wannan mota lita 1.6 ne, ƙarfinsa na dawaki 116. Yawancin Corolla da su ke yawo a titunan Ikko yau sun fi ta ƙarfi, kuma a miƙaƙƙiyar hanya ba wuya su wuce ta. To, ina daɗin ya ke? Yana cikin rashin nauyi da daidaito. Motar ba ta kai tan ɗaya ba. An yi bonet ɗinta da alminiyam, an kai batir can cikin but, an ja injin baya, domin nauyin da ke kan ƙafafun gaba ya zo kusan daidai da na baya. Ƙafafun baya ne su ke tura ta, na gaba ba su da wani aiki sai bin umurnin sitiyari. Giyarta biyar, sandar gajera ce, da wuyan hannu kawai a ke sauya ta. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ra'ayinsa shi ne ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai ya ke amfani, amma rage nauyi ko'ina yana amfani, kuma wannan ra'ayi Japanawa suka bi. Suna da wata kalma da suka ɗauko daga maharban da su ke harbin kibiya a kan doki yana sukuwa, jinba ittai, ma'anarta mahayi da doki su zama jiki ɗaya. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan. Duk wanda ya ga gwanin mahayi ya zo a sukwane gaban sarki ya ja linzami doki ya tsaya cak, ya san ba girman dokin ba ne abin kallo, jin magana ne.

Motar ta karɓu ƙwarai. Samfurin farko, mai fitilun da su ke buɗewa kamar idanun kwaɗo, an yi fiye da 400,000 kafin a sauya shi. A wajen 1994 aka ƙara injin ya koma lita 1.8. Samfuri na biyu ya fito a 1998, na uku a 2005, na huɗu a 2015. A shekara ta 2000 kundin Guinness ya rubuta ta a matsayin motar gudu mai kujera biyu da aka fi saya a duniya, a watan Afrilu na 2016 kuwa aka ƙera ta miliyan ɗaya a Hiroshima. Wannan yawa shi ya sa tsofaffinta suka yi araha a Turai da Amurka, kayan gyaranta kuma suka wadata, kuma babu wata cuta da ke jikinta wadda ba a riga an gano ta ba. Sai dai samfurin farko ya fara tsada, don masu kyau suna ƙarewa. Kamfanin da kansa ya buɗe shirin sabunta su a Japan a 2017, kun san kuwa in mai abu ya fara tattara tsofaffinsa, ranar arha ta wuce. Mai neman sauƙi yanzu na biyu ko na uku zai duba.

Mu koma wajen saye. Mai sayen doki ba ya fara tambayar sirdi da jalala, kofato ya ke dubawa da haƙora. A tsohuwar mota, abin da ya ke matsayin kofato shi ne bodi, babban abokin gabansa kuwa tsatsa. Injin da ya gaji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu, amma ƙarfen da tsatsa ta cinye sai yanka da walda, kuma in ta yi nisa kuɗin gyara ya kan fi kuɗin motar. Ga mota marar rufin ƙarfe abin ya fi tsanani, domin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi su ne ƙashin bayanta, su su ke hana ta lanƙwasa. A MX-5 nan ne tsatsa ta ke fara cin ta, musamman gab da tayar baya. Dalili kuwa shi ne akwai wasu ƙananan magudanai a gefe biyu bayan kujeru da su ke kwashe ruwan da ya gangaro daga tamfol. In ganye da ƙura suka toshe su, ruwan sai ya nemi hanya ya kwanta a cikin ƙarfen, ya riƙa ci daga ciki. Kafin a ga ƙuraje a jikin fenti, ciki ya riga ya ruɓe. A samfuri na biyu har da ƙarafan gaba da su ke ɗauke da injin. Bugu da ƙari, a Ingila da arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa kun san abin da ya ke yi wa ƙarfe. Motar da ta yi rayuwarta a busasshiyar jiha kamar Arizona ta fi wadda ta fito daga gefen Kanada daraja nesa ba kusa ba, ko da shekarunsu ɗaya.

Don haka ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu, da fanalbita wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A hau da ita rami ko a ɗaga ta. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, fila aka cusa aka shafe da fenti. A ɗaga dardumar ƙasa a taɓa a ji ko da laima, a duba cikin but. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin mota mai shekara 25 ba ado ba ne, abin tambaya ne. In mai ita ya ce ba za a ɗaga ta ba, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Injin ba shi da yawan rigima, amma akwai abin lura. Na 1990 zuwa tsakiyar 1991 suna da gajeren hancin karanshaf, in wani bakanike ya taɓa ɗaure kusar wurin ba daidai ba, sai wurin ya cinye, fulin gaba ya riƙa rawa, motar ta rasa ƙarfi. A tayar da ita a tsaya a kalli fulin nan da ido. Taimin bel ana sauya shi ne a wajen kilomita 100,000, kuma abin farin ciki shi ne a samfurin farko da na biyu ko ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, mota za ta tsaya ne kurum. Kan lagireto na roba ne, baƙi ne yana sabo, in ka ga ya koma ruwan ƙasa to ya tsufa, kowace rana yana iya fashewa. Ka nemi a tayar maka da ita da sassafe injin na sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye hayaƙi da ƙara.

Duk wannan bayani ya shafi mai saye ko'ina ya ke, har da 'yan'uwanmu da ke zaune a Ingila da Amurka, waɗanda su abin ya fi zo wa da sauƙi. Mu a nan gida akwai ƙarin shinge. Tun ran 2 ga Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mota mai sitiyari a dama, watau ta Ingila ko ta Japan, ba ta mu ba ce, doka ba ta yarda da ita ba. Akwai masu juya sitiyari su mai da shi hagu, ni kuwa ba na ba kowa shawarar ya damƙa ransa ga sitiyarin da aka yanka aka yi wa walda, balle a motar da aka saya don shan kwana. Sai ta Amurka ko ta ƙasashen Turai masu tuƙi irin namu. Har ila yau dokar kwastan ta yanke iyakar shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, kuma samfurin farko da na biyu duk sun wuce wannan iyaka. Abin da ya rage shi ne a nemi wadda ta riga ta shigo tun da daɗewa da cikakkun takardunta, ko a shigo da ta baya-bayan nan, wadda ita kuma ba za a kira ta mai arha ba. Wanda ya ce maka zai bi da ita ta bayan gida, ka tuna ba shi za a ƙwace wa mota a hanyar Ibadan ba. In kuma daga gwanjon Amurka ta fito, a bincika lambar shasinta mai haruffa da lambobi 17, domin da yawa daga motocin gwanjo na haɗari ne ko waɗanda ambaliya ta shanye, motar da ta sha ruwa kuwa wayoyinta ba sa daina ba da mamaki.

Gaskiya ɗaya ce, MX-5 ba ta da yawa a ƙasar nan. Injin na farko dangin na Mazda 323 ne, don haka wasu ƙananan kaya ba za su gagara a Ladipo ba, amma tamfol da fitila da gilashi sai an yi odarsu an jira. Wanda ba shi da wannan haƙuri ya duba tsofaffin BMW masu ƙofa biyu, irin E36 da E46, waɗanda su ma ƙafafun baya ke tura su, kayansu kuma suna nan a Ladipo da Panteka da Ƙofar Ruwa. Su tasu cutar a wajen sanyaya injin ta ke, robobin lagireto da famfon ruwa, E46 kuma ƙarfen da ya ke riƙe ƙafafun baya ya kan tsage. Sun fi nauyi, sun fi shan mai, kuma yawancinsu sun bi ta hannun samari. Amma dokar saye ɗaya ce.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka zuba duk abin da ka tara a wajen ciniki. A ra'ayina a raba kuɗin kashi uku, a saya da kashi biyu, a riƙe ɗaya. In kashi biyun ba su isa sayen mai kyau ba, to lokaci bai yi ba, a ci gaba da tari. Mota mai tsada wadda aka kula da ita ta fi mai arha wadda aka wulaƙanta sauƙi a ƙarshen lissafi, Hausawa kuwa sun daɗe da cewa arha ba ta ado.

Yanzu sai gyare-gyaren da abokanka su ke ɗoki. Aikin farko ba canji ba ne, mai da ita yadda ta fito daga masana'anta ne. A juye bakin mai da man giya da na difaranshal, a sa sabon lagireto da tiyoyinsa, a sauya taimin bel tare da famfon ruwa tun da wuri ɗaya a ke buɗewa, a sa fulogi. Man birki yana tsotsar laima daga iska, in ya daɗe sai ya tafasa lokacin da aka matsa wa birki a gangara, feda ta nutse ba tare da mota ta tsaya ba, don haka a ke sauya shi duk shekara biyu. Ba wanda zai tsaya a titi ya yaba maka don ka sa sabon man birki, na sani. Amma sai an yi wannan sa'an nan ka tuƙa ta wata uku ba ka taɓa kome ba, domin wanda bai san halin mota tana lafiya ba, ba zai san ko canjin da ya yi gyara ne ko ɓarna ba. Mutane da yawa da su ke cewa motarsu tana bukatar ƙarin ƙarfi, abin da ta ke bukata shi ne a dawo mata da wanda ta rasa.

In an zo kashe kuɗi na gaske, taya ce kan gaba. Duk ƙarfin injin da na birki da na sitiyari ta wuri huɗu su ke isa ƙasa, kowane wuri kuwa bai fi tafin hannu ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa ta kan bushe ko da zanenta bai goge ba, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta sai ta zama kamar sabulu. A sayi sababbi huɗu iri ɗaya na kamfanin kirki, ba 'yan Beljiyam ba. Maganar manyan wiloli kuwa, motar ta fito ne da wili mai inci 14. Wanda ya ɗora mata mai inci 17 ya ƙara nauyi a daidai wurin da injiniyoyin suka fi wahala wajen rage shi, shokazoba ba zai iya riƙe tayar a ƙasa ba, sitiyari ya yi nauyi, ga kuma siririyar taya da ramin farko zai fasa ta har da rim. Kamar a sa wa ɗan tsere takalmin soja ne. In dai sai an canja, mai inci 15 marar nauyi ya isa.

Daga nan sai shokazoba da bushin, waɗanda bayan shekara 20 sun gama aiki, sa'an nan a kai ta wurin mai na'urar daidaita ƙafafu wanda ya san aikinsa. A wannan mota ana iya saita ƙafafun gaba da na baya duka, kuma bambancin da saiti mai kyau ya ke kawowa ya fi na kayan da a ke saye da tsada. Durƙusar da ita kuwa, a Ingila ana yi, domin hanyoyinsu sun yarda. Tsakanin cikinta da ƙasa tun asali kimanin santimita 14 ne. In ka rage biyar, ka fara lissafin tuddan rage gudu da ke tsakanin gidanka da babban titi, da gadar kwalbatin ƙofar gidanka, da ruwan da ya ke kwanciya a unguwa cikin watan Yuli. Masu yanke sifirin da zarto don su sauke mota, su kam ba ni da abin ce musu sai Allah ya kiyaye.

Akwai ƙari guda da abokanka ba su ambata ba, alhali shi ne mai ceton rai. Samfurin farko ba shi da wani abin da zai kare kai in mota ta kife, sai firam ɗin gilashin gaba. Ana sa mata ƙarfen kariya a bayan kujeru wanda a ke ɗaurewa a jikin shasi, kuma a ƙasashen waje filayen gudu da yawa ba sa barin mota marar rufi ta shiga sai da shi. A tabbata na gaske ne, ba na ado mai ƙyalli ba, ya ɗara kan direba tsawo, a kuma naɗe shi da soso mai tauri, don kada ƙarfen da aka sa domin kariya ya fasa ƙeya a ƙaramin karo.

Salansa ba na hana ta, in dai muryarta mai daɗi ce ba mai tashin unguwa da asuba ba. Sai dai kada a ruɗe ka, abin da ta ke ƙarawa na ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, kunne ne ya ke jin mota ta ƙara gudu. Tobo kuwa magana ce mai nauyi. Gaskiya ne injin yana ɗauka, domin asalinsa daga na wata Mazda 323 mai tobo aka samo shi, kuma a Amurka akwai masu ninka ƙarfinsa. Amma tobo ba ya zuwa shi kaɗai. Yana jawo sabon kuloci, da babban lagireto, da kwamfutar injin da sai gwani ya saita ta, da difaranshal mai ƙarfi tun da na mai lita 1.6 ƙarami ne, da birkin da zai tsai da abin da aka tayar. Yana kuma son fetur mai kyau wanda ba ya canja hali daga gidan mai zuwa gidan mai, a zafin da ya wuce na Turai, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. In an yi kuskure a saiti, fistin ne ya ke narkewa. Bayan duk wannan, motar da aka saya don jin magana ta koma mai fizga. Wanda ƙarfi ne muradinsa, da ma wata motar ya kamata ya saya tun farko.

Duk abin da aka cire mata na asali a wanke shi a adana, domin ranar sayarwa mai saye na kirki motar da ba a taɓa ba ya ke nema, kuɗin da aka kashe a kan ado kuwa ba ya dawowa. A kuma sanar da kamfanin inshora duk wani babban canji. A Ingila wanda ya ɓoye haka yana iya rasa diyya ranar haɗari, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ba kamfani hanyar zillewa a nan ba.

Saura wurin hawa. A Ingila filayen tsere irin su Silverstone da Brands Hatch suna da ranakun da kowa zai biya ya shiga da motarsa, ga motar asibiti a tsaye, ga malami a gefe. A Amurka a kan jera robobi a babban filin ajiye motoci, kowa ya bi shi kaɗai ana duba agogo. Mu da ba mu da yawan irin waɗannan, alherin ƙaramar mota shi ne ba sai an karya doka a ke jin daɗinta ba. A kilomita 70 da rufi a yaye, da hantsin Lahadi kafin hanya ta cika, direba yana jin duk abin da tayoyi su ke yi, alhali mai babbar mota sai ya kai ninkin haka kafin ya ji wani abu. Amma kwanar da ke kan hanyar jama'a ba taka ba ce kai kaɗai. Wanda ya san Hawan Kibo ya san abin da ya ke fitowa daga bayan kwana, tirela ce wadda birkinta ya ƙone. Wasan mota a ɗaurin aure da samari su ke yi, ana juyi a tsakiyar mutane har taya ta yi hayaƙi, ya sa gidaje da yawa sun tashi daga buɗa sun koma makoki, kuma wannan fili ba ya tare da shi.

Abu na ƙarshe, Malam, motar Asabar da Lahadi zama ya ke kashe ta fiye da tafiya. Batir ya kan mutu, fetur ya kwana biyu ya lalace, birki ya kame, ɓera ya shiga ya yi gida a cikin wayoyi. Rana tana busar da tamfol har ya tsage, iskar teku kuma a Ikko tana yin aikin da gishirin Ingila ya ke yi, sannu a hankali. Ka nema mata rumfa tun kafin ka kawo ta, ba leda da a ke lulluɓawa ta riƙe laima ba. Ko makon da ba ka da sukuni, ka fita da ita na rabin sa'a har injin ya yi zafi sosai, ba a tayar da ita a tsaye minti biyar a kashe ba. Magudanan nan biyu na bayan kujeru kuwa, a zura musu siririyar waya mai laushi a zuba ruwa a ga ya fito ta ƙasa, sau ɗaya kafin damina ta faɗi, sau ɗaya bayan hunturu ya gama zubar da ƙurarsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙun da suka taru a kan giya mai sauya kanta.